Tayoyin Baba a Kan Ƙanƙara

Tun da muka dawo daga Jojiya ban huta ba. Duk wanda na haɗu da shi, a masallacin Juma'a ne ko a wurin mai shayinmu na Al Ras a nan Dubai, sai ya tare ni da, "Habibi, ka ji daɗinka! Mun ga hotuna." Laifin hotunan ne. Matata Hauwa ce ta watsa su a waya, ga mu nan tsaye cikin farar ƙanƙara, kowa ya washe baki. Babu wanda ya lura cewa a hoton ƙarshe ba dariya nake ba, haƙorana ne ke kaɗawa, kuma ba sanyi kaɗai ke kaɗa su ba. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, don haka ga shi nan gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata zan ce ya zo ya karanta.

Dole in fara da surukina, mahaifin Hauwa, wanda duk muke kira Baba. Taya yake sayarwa. Ya fara tun a Ƙofar Ruwa a Kano, ya dawo Dubai shekaru da yawa da suka wuce ya buɗe shago a Ras Al Khor. Mutum ne da zai hango mota daga tsallaken titi ya gaya maka wace tayar ce za ta fara fashewa, kuma ita ɗin ce za ta fashe. Ranar da na fara zuwa gaishe shi da maganar aure, sai da ya zagaya motata yana danna tayoyin da babban yatsa kafin ya amsa gaisuwata yadda ya kamata. Ni kuwa aikin kwamfuta nake a wani kamfanin cargo, abin da na sani game da taya shi ne baƙa ce kuma zagayayya ce. Tun daga ranar har zuwa tafiyar nan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a kujera ɗaya da shi ba, kalmar "a'a" kuwa ba ta taɓa fita daga bakina zuwa kunnensa ba.

Akwai abu biyu kuma da ya kamata ku sani. Hauwa ce 'yar farinsa, don haka tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba. In yana son magana da ita sai ya ce "ke," in yana maganarta sai ya ce "yayar Sadiq." Na biyu, lokacin da muka yi tafiyar nan Hauwa tana da ƙaramin ciki, na fari, bayan jiran da ya kai mu asibitoci har muka gaji. Likita ta ce za ta iya tafiya in an bi a hankali. Daga ni sai ita muka sani. Ko mahaifiyarta da ke Kano ba a gaya wa ba tukuna, balle Baba, wanda Hauwa ta ce gara ƙasa ta tsage ta shige da ya ji wannan magana daga bakinmu.

Sadiq ɗin, ƙanenta, yana karatun likita a Tbilisi, babban birnin Jojiya. Baba ya ce zai je ya gano shi, Hauwa ta ce ƙafarta ƙafar Baba, ni kuma aka ɗauke ni a matsayin direba da mai ɗaukar jaka.

Mun tashi daga Dubai cikin abin da muke kira sanyi a nan, wato lokacin da mutum zai kashe AC ya fara jin kansa a Turai. Baba ya sa babbar rigarsa, ya ɗora mata wata jaket da ya saya a Deira. A wurin duba fasfo a can, jami'ar ta daɗe tana juya koren littafinmu, ta tambayi takardar zamanmu ta Dubai, tikitin komawa, da gidan da za mu sauka. Baba yana amsa mata da Larabcin kasuwa haɗe da Hausa, ni ina bi a baya ina gyarawa da Turanci, ina kaffa-kaffa don na san yadda ake yi wa mai koren fasfo a wasu wuraren. Daga ƙarshe ta buga hatimi, ta nuna hular Baba ta ce kyakkyawa ce amma ba za ta rufe masa kunne ba. Ƙofar filin jirgin na buɗewa muka gane nufinta. Iskar da ta tarye mu ta ratsa jaket ɗin Deira kamar babu komai a jikinsa. Baba ya ce, "La ilaha illallahu," ya koma ciki da baya.

Gidan da Sadiq ke haya a hawa na sama yake a wani tsohon bene, kuma lif ɗinsu ba ya motsi sai an jefa masa sulalla a wani akwati. Baba ya tsaya yana kallon akwatin ya ce, "To, nan har hawa sama sai an biya kuɗin mota." A bakin ƙofar benen akwai wani ƙaton kare kwance, da alamar roba maƙale a kunnensa. Hauwa ta ƙanƙame hannuna. Sadiq ya ce kada mu damu, karnukan garin duk an yi musu allura, kowa ma ciyar da su yake. Hauwa ta ce ita allurar karen ba ta dame ta ba, haƙoransa ne suka dame ta. Abin da ya burge ni shi ne suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu, kuma burodinsu a tanderu ake gasa shi, ana manna ƙullun a jikin ramin daidai yadda ake yin gurasa a Kano. Sai da na tsaya a gaban mai gasawar ina kallo har ya ɗauka yunwa ce ya miƙo min guda.

Matsalar ta fara ne da motar Sadiq. Baba ne ya saya masa ita a Dubai ya turo a container, kuma kafin a rufe container ɗin shi da kansa ya zaɓo mata sababbin tayoyi huɗu daga shagonsa, irin waɗanda aka yi don zafin kwaltar ƙasashen Larabawa. Da muka sauko ya gan ta, kafin ya dubi komai sai da ya durƙusa ya shafa su. "Ka gani," ya ce min, "zanensu ko gezau bai yi ba."

Hauwa ce ta ce tana son ganin ƙanƙara ta gaskiya, don wadda ta sani ita ce ta cikin kantin nan na Dubai da ake biya a shiga a yi zamiya a fito a sha iskirim. A cikin Tbilisi kuwa babu ko ɗigo, sai sanyi da busassun bishiyoyi. Aka ce sai an hau dutse. Baba ya ce khalas, magana ta ƙare, mu je mu kwana ɗaya ranar Alhamis, mu sauko da safe mu riski Juma'a tare da Sadiq. Shi Sadiq yana da jarrabawa, ba zai je ba.

Muna shirin kwanciya Sadiq ya ja ni kicin ya rufe ƙofa.

"Yaya Kabiru, don Allah kada ku hau dutsen nan da tayoyin nan."

"Me ya same su? Baba ya ce sababbi ne."

"Sababbi ne, amma na zafi ne. In sanyi ya yi yawa robarsu sandarewa take, ba ta kama ƙasa. Nan kowa canjawa yake in lokacin ya zo, akwai na ƙanƙara daban. Ni da sanyi ya shigo ko unguwarmu ba na fita da ita, jirgin metro nake hawa."

"To ka gaya masa mana."

Ya dube ni kamar na ce ya mari limami. "Ni? In ce wa Baba tayarsa ba ta yi ba? Kai dai da kake babba ka san yadda za ka yi."

Na koma ɗaki na buɗe waya ina dubawa, kuma da ban duba ba da ya fi min. Bidiyo bayan bidiyo, motoci suna tafiya a kaikaice kamar kaguwa, masu su a ciki ba abin da za su iya. Na nuna wa Hauwa. Ta ce, "Ka lallaɓa shi, kai ai ka iya magana." Kowa dai ni yake turawa.

Da safe na lallaɓa ɗin, iyakar yadda suruki zai iya. Na tsugunna na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Baba, na ji wai mutanen nan suna da wata al'ada ta canja taya in za a hau dutse."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Malam Kabiru, ai mu muke wannan sana'ar. In kasuwa ta yi sanyi sai ka ƙirƙiro wa mutane dalilin sayen taya. Wannan tayar ta yi Abu Dhabi da tsakar rana a watan da ƙwai ke dahuwa a kan kwalta, ita ce za ta ji tsoron ruwan da ya daskare? Yalla, yi sauri, ɗauko mukulli."

Na ce, "To, Baba." Na je na ɗauko mukullin.

Farkon hanyar lafiya lau. Kwalta a bushe, rana ta fito, shanu suna tsallaka titi ba mai kora su. Baba yana gaba kusa da ni, Hauwa a baya. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ce, "Ina ƙanƙarar taku?" Mun tsaya shan mai, mai zuba man ya dubi tayoyin, ya dubi dutsen, ya girgiza kai yana wata magana da yarensu. Baba ya tambaye ni me ya ce. Na ce ban ji ba, alhali ko kurma ya gane abin da mutumin ke nufi. Baba ya ce, "Ƙila yana da shagon taya ne shi ma."

Daga nan hanya ta fara murɗewa tana hawa. Fari ya fara bayyana a gefe, sannan a tsakiya, sannan babu baƙin kwalta kwata-kwata. Hauwa tana ta "Masha Allah" tana ɗaukar hoto, ni kuwa tafin hannuna ya jiƙe sharkaf a kan sitiyari duk da sanyin. Hannun dama dutse ne, hannun hagu kuwa bayan wani gajeren ƙarfe babu komai sai iska, can ƙasa rufin gidaje kamar akwatunan ashana. Na daina duban wajen. Bayan mun bar babbar hanya mun kama wadda za ta kai mu ƙauyen da muka kama ɗaki, a wata 'yar hawa motar ta tsaya cak. Ina taka totur, injin na kuka, tayoyi na juyawa, mota ba ta gaba sai ma ɗan zamewa baya.

Baba ko a jikinsa. "Wannan ai yashi ne fari," in ji shi. "Yadda muke yi a sahara za mu yi. Sauko mu rage iska."

Duk wanda ya taɓa fita yawon sahara a Dubai ya san wannan, kafin ka shiga yashi sai ka sassauta iskar taya don ta baje. Haka muka durƙusa ni da surukina a kan dutsen Jojiya, muna danna bakin taya da tsinin mukulli, iska na fita tana shiii, yatsuna sun mutu har ban san ina riƙe da mukullin ba. Abin haushi, da muka koma sai motar ta hau. Ƙila don ƙanƙarar wurin mai laushi ce, ƙila sa'a ce, ban sani ba. Baba ya gyara zaman hularsa ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala. Ka ga amfanin tafiya da manya."

Ba mu yi nisa ba hanya ta ɗan gangara ta shiga inuwar dutse, da kwana a ƙarshenta. Wurin yana sheƙi kamar an shimfiɗa gilashi. Na taka birki a hankali. Ban ji komai ba. Na ƙara takawa, feda ta fara karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, mota kuwa tafiyarta take. Na juya sitiyari dama, ta ƙi. Abin da ba zan manta ba shi ne shirun. Na ɗauka hatsari da ƙara yake zuwa, wannan kuwa ba ƙarar komai, motar ta juya a hankali har gefen da Hauwa ke zaune ya fuskanci ramin, muna tafiya a kaikaice, ina kallon ƙarfen nan yana matsowa ta tagarta. Salati nake son yi, harshena ya ƙi ɗagawa.

Sai na ji Baba ya ƙwala kira da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Hauwa'u!"

Ya juya gaba ɗaya a kujerarsa, ya miƙa hannu baya ya damƙo nata. Bayan motar ya daki tulin ƙanƙarar da aka ture gefen hanya, ya nutse a ciki, muka tsaya. Tsakanin ƙofarta da ƙarfen ko mutum ba zai iya ratsawa ba.

Hauwa ta dafe cikinta da hannu ɗaya, ɗayan yana hannun mahaifinta. Da ya ankara sai ya sake ta, ya juya gaba, ya yi gyaran murya ya ce, "Birkin ka taka da ƙarfi." Na ce, "Haka ne, Baba."

Wani dattijo ne ya zo a wata tsohuwar mota mai ƙarar gwangwani, ya ɗaura mana igiya ya fizge mu, ya kuma ja mu a hankali har cikin ƙauyen. Ashe shi ne mijin matar da muka kama ɗaki a gidanta, sunansa Dato. Matarsa Nana ta fito da gudu, ta rungume Hauwa kamar ta san ta, ta zaunar da ita kusa da murhun itace ta lulluɓe ta da bargo. Baƙo a wurinsu abu ne babba. Nan da nan tebur ya cika: burodi mai cuku narkakke da ƙwai a tsakiya, wake a tukunyar ƙasa, da wasu ƙulle-ƙullen fulawa masu nama a ciki waɗanda muka bari saboda ba mu san yankan ba. Dato ya kawo tulun giyar inabin da ya haɗa da hannunsa, muka ba shi haƙuri. Ransa bai ɓaci ba, ya sa aka kawo ruwan 'ya'yan itace, ya miƙe tsaye da kofi a hannu ya yi doguwar addu'a ga iyayenmu da matattunmu da 'ya'yan da za mu haifa, jikarsu tana fassara mana ta waya. Da aka zo kan 'ya'ya Hauwa ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ga yunwa ga abinci, ga Baba a gabana, sai na ɗauki farantina na koma bayan murhu. Nana ta ɗauka fushi nake, ta biyo ni da ƙarin burodi.

Ta wayar ne Dato ya ce yana da aboki a garin da ke ƙasa mai tayoyin ƙanƙara, na hannu ne amma masu kyau, zai iya hawo da su gobe kafin azahar. Ya ce sauka ta fi hawa haɗari, kuma da safe hanyar ta fi santsi.

Baba ya ce a gaya masa mun gode. "Wanda ya hau ai ya gama mai wuyar. In muka jira azahar Juma'a ta wuce mu. Da sassafe za mu tafi, shwaiya shwaiya, a hankali a hankali."

Ban runtsa ba. Da na rufe ido sai in ga ƙarfen nan yana matsowa ta tagar Hauwa. Ita ma ba barcin take ba, na ji tana ta juyi.

Bayan sallar asuba, da gari ya fara haske, na tarar da Baba a tsakar gida yana kankare gilashin mota da katin shagonsa. Na je na tsugunna a gabansa a cikin ƙanƙara, sanyin ya ratsa wandona har ƙashi. Na gaishe shi, ya amsa. Mukullin yana cikin aljihuna, na riƙe shi gam.

"Baba, ina neman alfarma. A jira tayoyin nan."

"Mun gama wannan maganar jiya. Je ka taso ta."

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan iya jan motar nan a haka ba."

Ya daina kankarar. "To ba ni mukullin. Ni na ja tirela daga Legas zuwa Maiduguri kafin a haife ka."

Tsoron ramin daban, tsoron mutumin nan daban, ban san wanda ya fi ba. Na ce, "A'a, Baba."

Ban ɗaga kai ba, amma na ga takalmansa sun juyo sun fuskance ni.

"Malam Kabiru, ni kake ce wa a'a? A kan taya? Ni za a kawo wa ragowar tayar da wani ya gama ci, a cire tawa sabuwa, a gaban mutanen da ko sunana ba su sani ba? Ko ka ɗauka ban damu da ran yarinyar nan ba ne?"

"Na san ka damu, Baba. Na ji sunan da ka kira jiya."

Na san na riga na wuce gona da iri, kuma na san in na tsaya a nan zai karɓi mukullin ko da tsiya. Sai na rufe ido na faɗi abin da ba suruki a ƙasar Hausa da zai faɗa wa uban matarsa.

"Baba, ba ita kaɗai ba ce. Juna biyu gare ta."

Kunyar da na ji, da ramin yana kusa ƙila da na faɗa da kaina. Ina jiran faɗa, ko ya juya ya bar ni a wurin. Bai yi ko ɗaya ba. Na ji ƙarar gwiwoyinsa, ya durƙusa kusa da ni a gaban tayar gaba. Ya sa babban yatsansa ya danna ta yadda ya saba. Ya sake dannawa. Ya sa farce. Sannan ya miƙe ya taka zuwa tsohuwar motar Dato, ya danna tata, na ga yatsan ya ɗan shige. Ya daɗe tsaye a wurin, bayansa gare ni.

"Ta zama katako," ya ce, ba da ni yake ba.

Da ya juyo bai dube ni ba. "Tashi, wandonka ya jiƙe. Je ka ce wa mutumin nan ya kira abokinsa. Matafiyi ai Juma'a ba ta wajaba a kansa ba."

Da na gaya wa Hauwa abin da na yi, ta jefe ni da matashin kai. "Ka gaya masa? Da bakinka? Kabiru, da wane ido zan kalle shi?" Ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma haka ta zauna har muka bar ƙauyen, Nana tana ta tambaya ko ciwon ido take.

Tayoyin sun iso wajen azahar, munana, duk taɓo. Baba bai bar mai kawo su ya ɗaura shi kaɗai ba. Ya tattare babbar riga ya duba kowace ɗaya ciki da waje, ya auna iskar, ya bi notin ɗaya bayan ɗaya ya ƙara ɗaure su da hannunsa har yatsunsa suka yi fari. Shi da mutumin ba mai jin yaren wani, amma sun yi ta hira da hannu suna gyaɗa kai. Nasa sababbin aka loda biyu a but, biyu aka bar wa Dato ajiya sai Sadiq ya zo ɗauka in zafi ya dawo.

Kada wani ya ce muku da an canja taya tsoro ya tafi. Saukar nan ita ce tafiya mafi tsawo a rayuwata. Amma da na taɓa birki sai in ji motar ta amsa, kamar an riƙe ta ta baya. Mun wuce kwanar jiya, ramin da bayan motarmu ya yi a tulin ƙanƙara yana nan, ba wanda ya nuna wa wani. Can gaba muka ga wata farar mota ta kifa hanci a kwalbati, masu ita tsaye a gefe suna waya, da alama baƙi ne irinmu. Baba, wanda jiya "yalla" ce a bakinsa, yau carbi yake ja, abin da kawai yake cewa shi ne, "Shwaiya, Malam Kabiru. Ba sauri muke ba." In mota ta ɗan girgiza sai in ga ya saci kallon baya ta madubin gefe. Sai da muka taka baƙar kwalta na ji wuyana ya saki, na tsaya a gefen hanya na fita kamar zan duba wani abu, don kada su ga hawayen da ya zubo min.

Daga ranar har muka hau jirgi Baba bai sake tayar da maganar ba. Ya koma "ke" da "yayar Sadiq" kamar ba abin da ya faru. Ni ma bai yi min wata doguwar magana ba, har na fara tunanin na ɓata tsakaninmu ke nan, abin ya tsaya min a rai.

Asabar ɗin da ta biyo bayan dawowarmu ya kira ni a waya ya ce in kawo motata shago. Na baro unguwarmu Abu Hail, na ce yau za a yi min hisabin a'ar nan. Ina isa Ras Al Khor, ko fitowa ban gama yi ba ya sa ma'aikatansa suka ɗaga motar suka fara kwance tayoyin, ga wasu sababbi huɗu an jera da takardarsu a jiki.

Na tsugunna na ce, "Baba, ai waɗannan ba su daɗe ba, kai ma ka ce za su kai baɗi."

Yana duban wani wajen, yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Da na faɗi haka mutum biyu take ɗauka."